WA YA YI LAIFI, WA AKA HUKUNTA A JIBIYA?

'Yan'uwa talakawa, masu rumfa da masu kasa kaya a ƙasa, direbobi da 'yan kamasho da masu dako, maganarmu ta wannan mako a kan Jibiya take, da bakin iyakar nan ta Magama inda ake ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Lissafi za mu yi wa mahukunta, gama su ba su son lissafi, sun fi so a manta. Ga abin da muke tuhumarsu da shi: tun da bindiga ta zauna a dajin Rugu, duk ran da mai bindiga ya yi ɓarna, talaka ake juyowa a hukunta. A rufe masa kasuwa, a rufe masa hanya, a rufe masa iyaka, sa'an nan a hau rediyo a ce an ɗauki mataki.

Kafin mu zo gida bari mu leƙa gabas tukuna, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. A ƙasar Barno akwai Gwoza, gari ne a gindin duwatsun Mandara, bakin iyaka da Kamaru, kamar yadda Jibiya take bakin iyaka da Nijar. Mutanenta manoma ne da 'yan kasuwa, ba su tare wa kowa komi ba. A watan Mayu na 1914 ba a san wani abu wai shi Boko Haram ba, amma shekara ɗari bayan nan, ran 30 ga Mayu 2014, mutanen Shekau suka tare Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, a kan hanya suka kashe shi. Cikin watan Agusta suka shiga garin suka kafa tuta, suka ce wai daular Musulunci ke nan. Wace daula? An karkashe maza, an kwashe mata, waɗanda suka tsira suka hau duwatsu suna kwana cikin kogo, wasu suka ƙetara Kamaru suka zauna sansanin Minawawo. Wata bakwai da ɗoriya garin yana hannunsu. Yaushe aka ƙwato shi? Ran 27 ga Maris 2015, watau ana gobe zaɓen shugaban ƙasa. Ku riƙe wannan a ranku.

To, da aka ƙwato garin ba a ƙwato duwatsun ba. Masu bindiga suka haye sama suka zauna, talaka yana ƙasa, in ya yi nisa da gari neman itace ko noma sai a tsinci gawarsa. Har ran 29 ga Yuni 2024 mata masu ɗauke da bam suka tashi jama'a a cikin Gwoza, a wurin biki da wurin jana'iza. Dabarar da hukuma ta yi a Barno kuwa ita ce ta toshe abinci: aka hana cinikin kifin Baga, aka rufe kasuwannin shanu irin ta Gamboru a 2016, wai don a sa Boko Haram yunwa. Yunwa ta zo, gaskiya ne, amma 'ya'yan talakawa ta ci a sansanin Bama. Mai bindiga ba ya kwana da yunwa muddin akwai rumbun wani.

Wannan magani da bai warkar da Barno ba, shi aka ɗauko aka ɗura wa Jibiya.

Ku ƙidaya da mu. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, wai saboda shinkafa da makamai. Shugaban da ya sa hannu ɗan Daura ne, Allah ya gafarta masa, amma lissafi lissafi ne. A watan Nuwamba aka ƙara da cewa kada a kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya tana ciki. Mai injin niƙa, mai babur, mai ban-ruwa a bakin dam, kowa ya koma sayen mai a galan da tsadar tsiya. Da aka buɗe iyakar Illela da ta Maigatari a watan Disamba 2020, an bar Jibiya a kulle, sai watan Afrilu 2022 aka tuna da ita. Shekara biyu da wata takwas! Shin a cikin waɗannan shekaru bindiga ta daina shigowa? Ashe bindiga tana bin titin kwalta ta tsaya gaban tebur ɗin kwastan? Ba ta bi. Mai buhun gero da mai kwandon tumatir su ke bin titi, su aka tare.

A cikin shekarar nan ta 2019 da aka hana kaya ƙetarawa, mutum fiye da 40,000 daga ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu zuwa jihar Maraɗi neman tsira da rai. Mutanen can suka karɓe su, suka raba hatsinsu da su. Ba abin mamaki ba ne, gama uwa ɗaya uba ɗaya muke. Sarakunan Katsina na dauri ne suka kafa Maraɗi bayan Jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce da sarkinsu. Ingilishi da Faransi ne suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a takarda, suka raba wa da ƙane. Su sun tafi, mu kuma muna gadin layinsu da bindiga.

Shekarar 2021 ita ce ba za a manta ba. Cikin watan Agusta motar kwastan ta afka cikin jama'a a garin Jibiya, mutane suka mutu a tsaye a bakin sana'arsu. Gwamna Masari ya zo ta'aziyya. Me ya kawo wa masu makoki? Shawara ya kawo, cewa kowa ya nemi makami ya kare kansa. Jama'a, mutumin da aka rufe wa iyaka shekara biyu, wanda ba ya iya cika mudu, shi ake ce wa ya sayi bindiga. In haka ne, harajin da ake karɓa na mene ne? Ba a yi mako uku ba sai ga doka: an rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, an hana cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da ta Batsari da Safana da Ɗanmusa da sauransu, an hana sayar da mai a jarka. A watan Satumba aka datse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Wanda aka shiga gidansa da dare ba shi da halin kiran kowa, wanda matarsa ke naƙuda ba shi da halin neman mota. Talakan da ajiyarsa duka akuya biyu ce, in ciwo ya zo ya kai ɗaya kasuwa, aka ce ba kasuwa. Masu dajin kuwa suna nan daram, babur da mai ba su yanke musu ba. Wa ke kai musu? Wannan ita ce tambayar da ba a son a yi, domin amsarta ba ta wurin mai tallar ƙosai.

Sai Shimfiɗa. A watan Maris 2022 aka janye sojan da ke tsaron garin, ba sanarwa, ba sallama. Mutane suka san abin da ke biye, suka kwashi yara da tsofaffi suka bi motocin soja a ƙafa zuwa Jibiya. Yara ƙanana suka mutu a wannan gudu. Waɗanda suka iso aka zuba su cikin makaranta. Har yau ba mu ji an kira wani babba an tambaye shi wa ya ba da wannan umurni ba.

Ba a gama farfaɗowa ba soja suka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023. Manya suka yi fushi da manya, sai aka sake rufe Magama. Motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, masu dako suka zauna hannu rabbana. Sai watan Maris 2024 aka buɗe. Janar ɗin da aka ce za a hora yana nan bisa kujerarsa. Wa aka hora?

Yanzu bari mu zo kan addini, gama nan ne hatsarin yake. Mu ba mu ce masu dajin Rugu 'yan Boko Haram ne ba. Yawancinsu ɓarayi ne, kuɗin fansa da shanu suke nema, kuma Musulmin da ke sahu ba ya tsira daga gare su: a watan Agusta 2025 sun harbe masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Amma masu tuta sun daɗe suna leƙen wannan daji. Da aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara fiye da 300 ran 11 ga Disamba 2020, Shugaban Ƙasa yana hutu a Daura, Shekau ne ya yi wuf ya ce aikinsa ne. Ansaru sun yi sansani a dajin Birnin Gwari, suna wa'azi suna rabon kaya don su sayi zukatan matasa. Ga kuma Lakurawa a ƙasar Tangaza da Gudu ta Sakkwato, bakin wannan iyaka tamu, kuma labarinsu shi ya kamata kowane mai gari ya ji da kunnen basira. Ba da yaƙi suka fara shigowa ba. Ɓarayin shanu ne suka addabi jama'a, hukuma ta yi kunnen ƙashi, sai aka kira waɗannan baƙi daga ƙetare don su yi tsaro. Suka kori ɓarayi, jama'a suka yi murna. Daga nan sai suka ce a kawo zakka, suka shiga ƙirga shanun mutane suna ɗiba, suna yi wa samari bulala saboda kiɗa da aski, suna ba yara kuɗi su shiga cikinsu. An gudu daga kura an faɗa bakin zaki. Hukumar soja ba ta faɗa wa duniya sunansu ba sai a watan Nuwamba 2024, bayan sun yi shekaru suna cin karensu ba babbaka.

Ku duba da kyau. A Gwoza da Tangaza ƙofa ɗaya suka bi: inda hukuma ta juya wa talaka baya, inda saurayi ba shi da abin yi, inda aka zalunci mutum bai sami alƙali ba. Duk wanda ya rufe kasuwar Jibiya, ya zaunar da ɗan dako da ɗan acaɓa, shi ke share wa waɗannan mutane fili, ko ya sani ko bai sani ba. Haka kuma wanda ya ce kowane Bafillace ɓarawo ne, a kashe shi a kasuwa ba shari'a. Bafillacen da aka sace wa garke talaka ne ɗan'uwanku, in kun kore shi daga gari daji zai karɓe shi.

Masu tuta suna fakewa da sunan Shehu Usmanu. Ƙarya suke yi. Shehu a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwata hannun 'yan kasuwa cikin ayyukan azzalumai. Iyayenmu na NEPU, tun daga 1950, sun sha ɗauri da bulala a kan haraji da jangali, har Allah ya nuna musu ranar da Balarabe Musa ya soke su a 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Yau fa? Haraji ya dawo da kai uku. Na daji yana karɓa kafin ka yi shuka, yana karɓa kafin ka yi girbi. Mai tuta yana karɓa ya kira shi zakka. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa, tafiyar da ba ta kai mil 30 ba, direba ya san sau nawa yake miƙa hannu ta taga, kuma kowace naira da ya miƙa tana kan mudun da kuke awo. Ga sakamakon: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce cikin wata shida na farkon 2025 yara 652 suka mutu da tamowa a asibitocinta na jihar Katsina. A ƙasar gero da dawa!

Za su ce ai an yi sulhu. I, an yi. Masari ya yi a 2016, ya sake a 2019, duka suka watse. A watan Fabrairu 2025 mutanen Jibiya suka zauna da masu dajin, haka ma mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa suka yi. Ba mu zargin wanda ya zauna, gama wanda aka bari shi kaɗai a rami ko igiyar ƙaya aka miƙo masa zai kama, kuma duk wanda ya koma gonarsa muna taya shi murna. Amma kowa ya ga hotunan irin waɗannan tarurruka: sun zo da bindigoginsu a kafaɗa, sun koma da su. Sulhun da ɗaya yake riƙe da bindiga ɗaya yake riƙe da fartanya, ran da mai bindiga ya so ran nan yake ƙarewa. In gobe wani mai rawani da tuta ya zo ya ce wa mai bindigar nan ga hanyar Aljanna, wa zai hana?

Saboda haka jam'iyyarmu tana nema, kuma ba roƙo take yi ba. Kada a ƙara rufe Magama ko kasuwar Jibiya saboda laifin wani. A rage shingayen hanyar Katsina, a kai ma'aikatan da ke kansu inda ake bukatarsu, watau Shimfiɗa da Gurbin Ɓaure da bakin daji. A kama masu kai mai da harsashi, a faɗi sunayensu a fili ko da 'yan gidan wane ne. A biya diyyar waɗanda suka mutu a gudun Shimfiɗa. Sharuɗɗan sulhu kuma a karanta su a bainar jama'a ran kasuwa, mu ji abin da aka yi alkawari da sunanmu.

Ku kuma sakatarorin rassa, da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, ga aikinku. Kowa ya sami littafi. A rubuta shinge nawa aka wuce, nawa aka biya, wace rana. A rubuta ƙauyen da aka sa wa kuɗin noma da adadinsa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa. Ku aiko wa Edita, ba za mu buga sunan kowa ba, amma lissafin za mu buga shi mako mako, mu kuma aika wa kowane ɗan majalisa na ƙasar Katsina kofi ɗaya.