Kada A Ja Tsohuwar Land Rover Da Gaggawa

Jama'a, damina ta kankama, hanyoyin ƙauye sun ɓaci, yanzu ne tsofaffin motoci masu ja da ƙafa huɗu ke nuna amfaninsu wajen kai taki gona da fito da kaya kasuwa. Amma tsohuwar mota ba ta rasa tsayawa a daji. Abin da na ke so in ja kunnen manoma da 'yan kasuwa a kai shi ne, sau da yawa ɓarnar da a kan yi wa mota wajen jawo ta gida ta fi ciwon da ya tsai da ita. Mota ta tsaya don ɗan abin da bai kai ya kawo ba, kafin a isa gari giyabos ya ƙone.

Ga dalili. Man da ke cikin giyabos a ƙasa ya ke kwance. Akwai wani sandan haƙora da ke juyawa cikin man nan, shi ke watsa shi sama ya jiƙa sauran ƙarafa. Sandan nan kuwa inji ke juya shi. To, in inji ya mutu aka sa giya a firi aka ja mota, tayoyi su ke juya farfela, farfela ta juya babban sandan giyabos, amma mai watsa man yana tsaye cik. Watau ƙarfe na gugar ƙarfe ba mai. Tun ana jin ɗumi har ya zama zafi, daga nan sai asara.

Mu ɗauki Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948. Irin na da, har zuwa Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985, suna da giyabos biyu: babba, da ƙarami a bayansa mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba da na baya. Sandan nan mai jan kai shi ke da ƙaramin. In an tura shi gaba gudu ne, in an jawo shi baya ƙarfi ne, tsakiya kuwa firi. Idan tafiyar ba nisa, sai a sa shi a tsakiya. Da haka an raba babban giyabos da tayoyi ke nan. Kafin a tashi a duba mai a duka biyun, in ya yi ƙasa a ƙara mai lamba 90.

Idan kuwa tafiyar da nisa, shawarata ita ce a kwance farfela gaba da baya. Noti huɗu ne a kowane baki. A yi alama da alli don a mayar yadda ta ke. In motar na da makulli a cibiyar tayoyin gaba, a murɗa shi zuwa firi, ba sai an kwance ta gaban ba. Amma a lura ƙwarai: birkin hannu na Land Rover a bayan ƙaramin giyabos ya ke, farfela ya ke riƙewa. Da zarar an cire ta baya, birkin hannu ba ya aiki. Tilas a tokare tayoyi da duwatsu kafin wani ya shiga ƙarƙashi.

Wani zai ce, "Ai mun sha jan tamu da igiya, ba abin da ya same ta." Gaskiya ne, kilomita biyu ko uku a hankali ba su cika yin lahani ba, gama akwai sauran mai a jikin ƙarfe. Amma cin ƙarfe ba ya nunawa ran nan. Sai bayan wata guda giya ta fara kuka ko ta riƙa fita da kanta, mai mota ya ɗora wa makaniki laifi. Kayan gyaran waɗannan motoci kuwa sun yi wuya, ga tsada. Aikin minti 20 da sifana bai kai kuɗin giyabos ba. Sauri ya kan haifi nawa.

Sauran abubuwan kiyayewa su ne: a ja da sandan ƙarfe, ya fi igiya, domin ta baya ba za ta afka wa ta gaba ba. A ɗaura a jikin shasi, kada a ɗaura a ƙarfen sitiyari. In sitiyari mai kullewa ne, a bar makulli a buɗe. Direba ya zauna a ciki, ya kuma san cewa a wasu motocin birki kan yi tauri in inji ba ya aiki. Kada a wuce kilomita 30 a awa, a riƙa tsayawa ana kai hannu kusa da giyabos a ji ko ya yi zafi.

Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, kamar Range Rover da ta fito cikin 1970, kada a ɗaga gabansu a bar na baya suna gudu a ƙasa sai an cire farfela. Mai giya otomatik kuwa gara a ɗora ta bisa babbar mota.

Masu mota, ku koya wa direbobinku wannan tun kafin ranar ta zo, ku kuma ajiye sifana biyu da alli a cikin mota kullum.