An Bar Jaki Ana Dukan Taiki



A ƙarshen zangon da ya gabata, ana tsakiyar jarrabawa a makarantar da nake koyarwa, wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya kunna nokawut ya cilla ta taga. Kafin ƙarar ta lafa, azuzuwa uku sun watse. Yara suka tattake juna a bakin ƙofa, wata yarinya ta gurɗe a ƙafa, wata malama da ta kusa ritaya ta durƙushe tana salati, jikinta na kyarma. Da aka tuhumi yaron, sai ya ce wasa ne, a fim ɗin Harry Potter ya gani. A taron iyaye da malamai da ya biyo baya, wasu suka nemi a kwashe littattafan labarin daga ɗakin karatu a kulle. Na ƙi amincewa a ranar, yau ma ban sauya ba.

Mu fara da abin da ake zargi. A littafi na biyar na J.K. Rowling, wanda ya fito a 2003, aka mayar da shi fim a 2007, hukuma ta ɗora wa makarantar matsafa wata azzalumar shugaba, Dolores Umbridge, mai horar da ɗalibai da alƙalamin da ke tsaga musu bayan hannu. Wasu tagwaye, Fred da George Weasley, suka saki tartsatsin wuta na tsafi a cikin makarantar. Akwai masu siffar dodo, akwai masu juyawa kamar ƙafar keke, in aka yi yunƙurin ɓatar da ɗaya sai ya zama goma. Shugabar ta wuni tana zarya daga aji zuwa aji, fuska duk baƙin hayaƙi. Wutar labari ce: tana ba da dariya, ba ta cire wa kowa yatsa.

Wadda yaronmu ya riƙe kuwa albarushi ce, ɗan uwan wanda mafarauci ke ɗura wa harba-ka-ruga. Tana ƙona fata, tana fasa ido, tana tayar da gobara. Ranar 26 ga Disamba, 2012, wani rumbun irin waɗannan kaya ya tashi a unguwar Jankara ta Legas, wutar ta ci gine-gine, mutane da dama suka jikkata. Mu kuma nan muna da namu tabon. Ranar 7 ga Yuli, 2015, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, ma'aikata na kan layin tantancewa, cikinsu har da malaman firamare, aka rasa rayuka fiye da 20. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wane ne zai ce wa malamar nan ta yi haƙuri, ai wasan yara ne?

To amma wa ya miƙa wa yaron albarushin? Marubuciyar tana can Birtaniya, ba ta da tebur a bakin makarantarmu. Mai teburin da ke jera nokawut kusa da alawa da biskit ɗan unguwarmu ne, muna gaisawa da shi kullum safe. Kuɗin da aka saya da su daga aljihun uba suka fito, bai tambayi inda za su ba. Kusan duk ƙarshen shekara rundunar 'yan sanda kan sanar da haramta sayar da su, sanarwar ta tsaya a rediyo, ciniki ya ci gaba a titi. Waɗannan duka mun gan su mun kawar da kai, sai littafi da ba ya iya kare kansa muka samu ƙarfin tunkara.

In labarin shaƙiyanci ne ke lalata yara, da Gizo ya gama da mu tun a gaban kakanninmu. Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta shirya wa juna makirci a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mun karanta, mun yi dariya, malamanmu suka nuna mana inda wasa ya tsaya. Aikin ke nan da ya rage mana. Yaron nan ma bai taɓa buɗe littafin ba, guntun fim ya gani a wayar yayansa. Da ya karanta tare da malami, da an tambaye shi: wa aka yi wa wannan wuta, kuma me ta aikata? Kai wa ka zalunta da taka, in ba ƙanwarka da ke ɗingishi ba?

Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya rubuta wa sashen ilimi na ƙaramar hukuma, da ofishin 'yan sanda, da masu unguwanni, a hana sayar da nokawut a kewayen kowace makaranta, a kuma bi sawu daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Shugabannin makarantu su sanya batun a taron safe. Iyaye su riƙa leƙa jakar 'ya'yansu, su tambayi inda kuɗin tara ke tafiya. Yaron da ya yi laifi a hukunta shi daidai laifinsa, a kai shi ya duba wadda ya jikkata.

Littafin kuma a bar shi a kan kanta. Ɗakunan karatunmu ba su da yawan da za mu rage.