Waiwaye: Ƙaryar da ta kwana 132 a Wikipedia

A watan Mayun 2005 wani mutum a birnin Nashville na Amurka ya buɗe shafi a Wikipedia da sunan John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida wanda ya yi wa Robert Kennedy aiki. Ya rubuta cewa an taɓa zargin dattijon da hannu a kisan Robert ɗin da na yayansa, Shugaba John Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, ga ta da cin fuska, domin Seigenthaler na cikin waɗanda suka ɗauki makarar Robert a 1968. Haka ta kwana 132 a shafin, har wasu shafukan intanet suka kwafa. Da asirin mai rubutun ya tonu, sai ya ce ai wasa ne yake yi wa abokin aikinsa.

Seigenthaler bai kai ƙara ba. A ƙarshen Nuwamba ya fito a jaridar USA Today ya fasa ƙwai. Cikin Disamba Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya hana marasa rajista buɗe sabon shafi a sashen Turanci, aka kuma soma tsara doka kan tarihin mutanen da ke raye: duk maganar da ka iya jawo ce-ce-ku-ce, in ba ta da madogara mai ƙarfi, a goge ta nan take, ba sai an zauna shawara ba.

Dokar ba ta kashe gardama tsakanin editoci ba, sai ma ta buɗe wata: wace ce madogara mai ƙarfi? A 2012 marubuci Philip Roth ya nemi a gyara bayanin wanda ya gina littafinsa The Human Stain a kansa. Aka ce masa maganarsa kaɗai ba ta isa ba, sai an gan ta a buge a wani wuri. Mai ɗaki aka ce ya kawo shaida kan inda yake yoyo! Sai da ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar New Yorker ta zama madogarar. A 2017 kuma, bayan doguwar taƙaddama, editoci suka yanke cewa jaridar Daily Mail ba abar dogaro ba ce.

Abin da aka yi wa Roth ya ba mutane dariya, amma ni ina bayan editocin. Shi yana da mujallar da za ta buga masa koke cikin kwanaki. Galibin waɗanda ake yi wa ƙazafi ba su da wannan gatan, dokar madogara ce garkuwarsu.

Tun 2009 Gidauniyar Wikimedia ta buƙaci sassan duka harsuna su kiyaye wannan ƙa'ida ta tarihin mutanen da ke raye, kuma sashen Hausa na ciki. Don haka masu rubuta tarihin 'yan Kannywood da malamai da 'yan siyasa, in labarin mutuwar aure ko na zargin sata daga Facebook kaɗai kuka samo shi, ku bar shi can.