Tsadar Bhutan: Waye Ke Cin Moriyarta?

Bhutan ƙaramar masarauta ce ta mabiya addinin Buda, tana maƙale a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya ba. Sai a 1974 ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido, kuma tun daga lokacin manufarta ba ta sauya ba: baƙi kaɗan, kuɗi mai kauri. A yau yawancin baƙin da ba 'yan Indiya ba suna biyan gwamnati dala 100 a kowane dare, kafin a zo maganar masauki da abinci da ɗan jagora.

Wasu na ganin wannan wariya ce, tunda mai kuɗi kaɗai ke iya hawa zuwa Taktsang, wurin ibadar da aka gina a 1692 a jikin dutse, sama da mita 3,000 daga matakin teku. Ƙorafin yana da tushe, amma hujjar Bhutan ta fi shi ƙarfi. Wurin da sufaye ke ibada ba zai ɗauki tururuwar jama'a ba tare da ya koma kasuwa ba. Kundin tsarin mulkin ƙasar na 2008 ya wajabta cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ya zauna daji, ilimi da magani kuwa kyauta ne. Duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma adalci ne baƙon da ya zo shaƙar iskar ya sa hannu a aljihu.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon ribar. Kafin annobar korona, baƙo kan biya dala 200 zuwa 250 a rana, wanda ya haɗa da masauki da jagora da mota, gwamnati ta cire dala 65. Da aka sake buɗe ƙasar a Satumbar 2022, sai harajin kaɗai ya koma dala 200. Attajirin da ke kwana a Amankora, inda dare guda ya haura dala 1,000, ko a jikinsa. Matafiyi mai matsakaicin hali ne ya fasa zuwa, shi ne kuwa abokin cinikin ƙananan masaukai da direbobi da 'yan jagora. Shekara guda bayan haka gwamnati ta rage harajin da rabi.

A daidai wannan lokaci dubban matasan Bhutan, cikinsu har da malamai da ma'aikatan jinya, suna ƙaura zuwa Ostireliya neman abin yi. Nan ne ya kamata a auna manufar. Harajin ya ci gaba, amma a karkata baƙi zuwa masaukan 'yan ƙasa da ƙauyukan gabas da ba a cika zuwa ba. Idan otal-otal na alfarma suka cika alhali ɗan jagora yana haɗa kayansa zai bar gida, to an kare dajin ne an bar masu shi.