RA'AYINMU: Bashin Gida, Daga Ina Za A Fara Yanka?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda yake zama a majalisin karatu a Tambuwal ko Dogon Daji ko Jabo, ko yake bin masu wa'azi zuwa Kebbe da Kuchi, ya san irin tambayar da ake jira sai jama'a sun watse kafin a kawo wa malam ita cikin raɗa. Tambayar bashi ce. Wannan ya ci bashin taki, wancan mahaifinsa ya rasu ya bar masa takardun mutane, wani kuma ya aurar da 'ya tun bara amma har yau mai katifa da mai kwanuka suna yi masa sallama. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma wannan karin magana ya zama matashin da wasunmu suke ɗora kai su yi barci da haƙƙin mutane a wuyansu.

Ba mu jahilci halin da ake ciki ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Manomin albasa da na shinkafa da ke fadama, wanda injin ban-ruwansa ba ya shan komai sai fetur, shi ya fara ji a jika. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Da aka shiga 2025 kuma sai farashin hatsi ya faɗo, taki bai bi shi ba, wanda ya ranto kuɗi ya yi noma ya rasa abin da zai mayar. Ga kuma 'yan'uwanmu na ƙauyukan bakin daji a ƙasar Kebbe, waɗanda suka sayar da shanu, suka jinginar da gona, suka kuma ranto domin fansar ɗa ko mata daga hannun 'yan bindiga. Waɗannan ba a zarge su ba, kuma taimakonsu wajibi ne a kan al'umma. Maganarmu ta yau a kan abin da ya rage a hannun mai gida ne bayan duk wannan, wato yadda ake kashe ɗan abin da ya shigo gidan da ake bi bashi.

Sai mu fara tuna wa juna nauyin abin. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da yadda za a rubuta shi a kafa masa shaidu. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) gawar wani mutum, da ya ji akwai bashi a kansa kuma bai bar abin biya ba sai ya umurci sahabbai su yi masa salla su kaɗai, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin bashin. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kowane zunubi ban da bashi. To, idan jinin shahada bai wanke shi ba, ina ga wanda ya mutu a kan gadonsa yana da hula goma a akwati?

Abin da muke gani kuwa shi ne, idan bashi ya matsa wa gida, wurin da ake fara yanka shi ne tukunya. A rage kuɗin cefane, a hana yara koko da safe, a cire yarinya daga Islamiyya saboda kuɗin wata, matar gida ta yi ciwo a ce ta jiƙa saiwa ta sha. Amma mai gida bai fasa goro da shayin majalisa ba, bai fasa katin waya da kuɗin data ba, kuma in Salla ta zo sai ya ɗinka shadda, don kada a ce wane ya karye. Wannan juyin waina ne da ya saɓa wa Shari'a. Ciyar da mata da 'ya'ya gwargwadon hali farilla ce, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, har ma malaman fiƙihu sun ce idan alƙali ya raba dukiyar wanda bashi ya cinye, ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu ta wajaba a kansa. Ashe abin da alƙali bai taɓa ba, bai kamata mai gida ya fara da shi ba. Wuƙar ta fara da aljihunsa. Mace tana haƙuri da tuwo da miyar kuka wata shida idan ta ga mijinta ya sayar da babbar wayarsa ya koma ƙarama, amma ba za ta yarda da wa'azin tattali daga bakin wanda ya dawo daga kasuwa yana ƙamshin tsire ba.

Babbar ƙofar da dukiyar gidajenmu take fita ta cikinta kuwa ita ce bukukuwa, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin ciwon ya shigo cikin gidanmu. Shekaru da dama malaman Sunna suna yaƙi da kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a wurin biki, da taron sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma Allah ya ba da nasara a wurare masu yawa. Wannan ba sabon kira ba ne a ƙasar nan. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah ya jiƙan sa) ya yi shi a littafinsa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a, inda ya bi babi-babi yana rarrabe Sunna da abin da mutane suka ƙaga, kuma mutanen Tambuwal, garin ɗansa Muhammadu Buhari, su ne mafi cancantar su riƙe wannan gado. Sai dai me ya faru? Mun kori makaɗi, muka bar almubazzaranci a zaune, muka sauya masa suna muka kira shi walima. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru da lasifika, a buga kalanda da hoton ango, a gayyato malamai daga garuruwa uku a biya musu kuɗin mota, a yi ankon hijabi. Ga lefe akwati bisa akwati, ga gara buhu bisa buhu, ga kayan ɗakin da uban amarya zai shekara biyu yana biya. An buɗe taro da karatun Alƙur'ani, an rufe da addu'a, amma naman da aka ci na bashi ne.

Walima Sunna ce, babu mai musu. Amma Manzon Allah (S.A.W.) ya yi walimar aurensa da Safiyya (R.A.) da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa, kuma ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Ku lura da abin da ya ci bashi dominsa: abincin gida. Yankan suna ma a mazhabar Imamu Malik rago ɗaya ne ga ɗa namiji ko mace, kuma ba farilla ba ne, balle buhun shinkafa da atamfar fitar suna. Akwai kuma hukuncin da mutane da yawa ba su sani ba. Malaman Malikiyya sun tabbatar a babin tsiyacewa cewa wanda bashi ya kewaye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta da ita, masu binsa suna da haƙƙin hana shi. Saboda haka gudummawar biki da irin wannan mutum yake kaiwa don a rama masa wata rana, da kyautar da yake yi don a ambaci sunansa a lasifika, da kuɗin wani yake yin su. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina mai suna Usaifi'u, wanda yake sayen raƙuma masu tsada da bashi don kawai a ce ya riga alhazai isowa. Ƙarshensa Sayyidina Umar (R.A.) ya yi shela aka raba abin da ya mallaka tsakanin masu binsa. Usaifi'u yana da jikoki a garuruwanmu, sai dai su babur da mota suke hawa.

To, yaya za a yi? Farko a san yawan bashin. Abin mamaki ne ka tambayi mutum nawa ake binka ya ce "da dama." Ya samo littafi ya rubuta sunan kowa da adadinsa da ranar alkawari, ya sa shaidu kamar yadda ayar ta yi umurni, sa'annan ya zaunar da matarsa da manyan 'ya'yansa ya karanta musu. Mun san wannan yana da nauyi ga Bahaushe, wanda yake ganin asirinsa ya tonu idan iyali suka san abin da ke aljihunsa. Amma wadda ba ta san ana bin mijinta naira dubu ɗari huɗu ba, da wane dalili za ta fasa ankon ƙanwarta? Kuma idan mutuwa ta zo ba sallama, wa zai gaya wa magada abin da ke kansa? Daga nan sai ya je wurin masu binsa da ƙafarsa, kafin su zo, ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk ranar kasuwa ko duk ƙarshen wata, ko da kaɗan ne, ya kuma cika. Abin da ke ajiye ba a amfani da shi, kamar babur na biyu ko filin da aka saya don jiran tsada, a sayar. Jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Kada kuma a biya bashi da riba. Karɓar buhu ɗaya da damina don a mayar da biyu da kaka, da rancen da ake samu ta wayar hannu mai ruwa yana hawa kowane mako, da jinginar gonar da mai kuɗi zai yi ta nomawa yana cin amfaninta shekara da shekaru alhali kuɗinsa yana nan bai ragu da ko kwabo ba, duk rami ne da ake haƙawa don a cike wani ramin, kuma ga fushin Allah a kai.

Sai magada. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ya san jerin: likkafani, sa'annan bashi, sa'annan wasiyya, sa'annan gado. Amma sau nawa muka ga an raba gonaki da shanu tun kafin matar mamaci ta fita takaba, mai bin bashi ya zo kowane ɗa ya tura shi wurin ɗan'uwansa? Zubairu bin Awwam (R.A.) ya rasu a shekara ta 36 bayan hijira da bashin da ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu. Ɗansa Abdullahi ya sayar da filinsu na Gaba ya biya, sa'annan ya hana a raba gadon har shekara huɗu, kowace shekara yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Jabir bin Abdullahi (R.A.) kuwa mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata. Yana saurayi ya auri bazawara don ta kula da su, kuma da dabinon gonarsu ya yi, masu bashi aka fara aunawa. Shelar da ake yi a maƙabarta cewa mai bin mamaci ya ga wane, kada ta zama al'ada kawai. Wanda aka ambaci sunansa ya ɗauki amana.

Masu bin bashi su ma akwai nasu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Wanda ya zo da kansa ya kawo dubu biyar daga cikin dubu hamsin, a karɓa da sakin fuska, kada a tozarta shi a bakin kasuwa. Mawadatanmu kuma su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka a Sanyinna da Ungushi, da abin da ake kai wa hukumar zakka da waƙafi ta Jihar Sakkwato, akwai rabon wanda ya ci bashi don fansar ɗansa ko jinyar mahaifiyarsa a ciki.

Muna kira ga shugabannin rassa da limamanmu na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su fara da kansu. Malamin da aka gayyata walima ya tambayi mai gayyatar a asirce ko da bashi aka shirya ta, in haka ne ya ba shi shawara a taƙaita ta ga ɗaurin aure da abin da ya sawwaƙa. Kowane reshe ya ware mutum biyu amintattu masu iya rubutu, waɗanda za su riƙa rubuta wa jama'a takardar bashi kyauta bayan sallar Juma'a. Kwamitocin mata kuma su zauna kafin kaka ta shigo, lokacin da aure yake yawaita, su yi ittifaƙi a kan adadin lefe da garar da ba za a wuce ba a tsakanin 'yan'uwa, kuma 'ya'yan shugabanni su ne za a fara aurarwa a kan wannan adadi.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa, ya jiƙan mamatanmu.