Mas'alar Gyaran Ƙasa da Kwangilar Soja

 Ya ku malamai da almajirai na Wonaka da Tsafe da Bunguɗu, ga mas'ala. In guba ta ɓata ƙasa da rijiyoyi, ma'aikata kuwa suna tsoron hanya saboda ɓarayin daji, shin daidai ne a rataya aikin gyara ga kwangilar da soja suka riga suka ƙulla?

Ku sani akwai inda ake yin haka. A Amurka injiniyoyin soja sukan ɗaure alkawari da 'yan kwangila tun masifa ba ta auku ba. Da gobara ta ci unguwannin Los Anjalis a 2025, su suka shugabanci kwashe toka da ɓaraguzai. Fa'idar wannan hanya sauri ne.

Mu kuwa mun ɗanɗani ɗacin jinkiri. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Gyaran kuwa shi ne a kankare fuskar ƙasa, a binne ta nesa, a zuba tsarkakakkiya. Ba a fara ba yaro magani sai an gyara gidansu, don kada shi koma cikin guba. An gyara ƙauyuka 7, amma Bagega ta yi ta jiran kuɗin gwamnati har 2013. Ga shi an ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara a ƙarshen 2024, saboda haka maganar ba ta wuce ba.

Amma fa ku lura. Dokar tarayya wadda ta wajabta tallata kwangila, a lokacin da aka kafa ta a 2007, ta keɓe sayayyar tsaro, ba ta hau kanta ba sai da yardar Shugaban Ƙasa. To, duk aikin da aka tura ƙarƙashin inuwar tsaro, ana iya rufe lissafinsa, a ce asiri ne. Rijiyar talaka kuwa ba asirin yaƙi ba ce.

Abin da muka gani shi ne, soja su tsare hanya, su ba da aron motoci da injuna, a gode musu. Amma da sharuɗɗa uku. Na farko, a karanta kuɗin aikin da sunan mai kwangila a gaban hakimi da jama'a. Na biyu, masana lafiya su auna ƙasa kafin aiki da bayansa, ba wanda ya yi aikin ba, gama mutum ba ya zama shaidar kansa. Na uku, a ɗauki samarin gari, su koya, sanin ya zauna wurinmu.

Ya ku malamai, ku faɗi wannan a zaure da masallaci. Dukiyar jama'a amana ce, mai riƙon amana kuwa ba ya ƙin lissafi. Allah shi kiyaye mana zuriya. Wassalamu.