Allurar Insulin: A Auna Kafin A Ƙara

Tun shekarar 1922 da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, Allah Ya kawo wa masu ciwon sukari sauƙi. Sai dai kowace ni'ima tana da iyaka. Muna ganin wasu 'yan'uwa, da zarar sun ji sukari ya hau, sai su ƙara allura bisa zato. Wannan ganganci ne. Insulin mai saurin aiki yakan yi kusan awa 4 a jiki. Wanda ya maimaita kafin nan, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma, ko ya rasa ransa.

Saboda haka muna kira da a auna jini tukuna, a tsaya kan adadin da likita ya ƙayyade, sannan a saurara. Jiki amana ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.